Ranar da na nemi a ɗaga aurena saboda fitsari

Ba zan taɓa mantawa da azumin shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye a Bunkure ba. Ni ɗan birni, tun a mota aka ja min kunne: kada ka kuskura ka shiga ruwan kanal, wato magudanar ban-ruwan gonaki, tsargiya ce a ciki, mai sa fitsarin jini. Sati biyu da zuwana takalmina ya faɗa, na shiga har gwiwa na ɗauko.

Azumi ya zo cikin zafi, ga shi in an tashi makaranta ina bin mai gidan da nake zaune zuwa gonar shinkafa (wai ni mai taimako). Ran nan da la'asar na zagaya, sai na ga fitsarina ɗan kaɗan, ja-ja kamar shayin da aka manta a wuta. Washegari ma haka. Na ce shi ke nan, jini ne. Na kuma taɓa jin wai mai tsargiya ba ya haihuwa, ga aurena da Rabi, 'yar Kura, saura wata guda.

Maimakon in nufi asibiti (kun ji dabarar malamin makaranta), sai na wanke ƙafa na tafi wurin kawunta, Alhaji, wanda shi ne waliyyinta. Na durƙusa na ce a ɗaga auren, ba zan cuci yarinya ba. Nan take ya ɗora ni a babur sai asibiti.

Ma'aikaciyar, wata dattijuwa, ta ba ni kwalba, ta sa aka auna. Da ta dawo ta ce, "Malam, ba jini, ba tsargiya. Me ka sha da sahur?"

"Shayi kofi ɗaya, Hajiya."

"Ka kuma wuni a rana. Ka san mai kula da ƙofar kanal? In ruwa ya yi ƙasa ya rage, in ya cika ya buɗe. To haka jikinka yake. Ruwan jininka na raguwa ƙwaƙwalwa za ta ji, ta aika wa ƙoda ta riƙe ruwa, ta fitar da dattin kawai. Kana sha kuma, ita ce za ta ce a saki."

Ina aji, ina gona, ina barci, ashe akwai awon da ake yi a cikina ba hutu, ba a kuma taɓa neman shawarata ba. Abin da na ɗauka ajalina ne, ashe jikina ne ke tattalin ɗan ruwan da na ba shi. Na yi ta subhanallahi, har na manta da wanda ke bayana.

Sai Alhaji ya gyara murya. "To Malam, yanzu auren za a ɗaga, ko ruwan za ka ƙara?"

Matan da ke kan benci suka kwashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

An ɗaura auren bayan Sallah. Har yau in na je gaishe shi, kafin in gama zama an dire min kofin ruwa har biyu. Ni dai na koyi darasi: in abu ya tsorata ka a banɗaki, ka fara kai shi asibiti kafin ka kai shi gidan surukai.