Muryar Inna a Siber ɗin Sanusi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Inna ta tona mini asiri a bainar jama'a ba, alhali ta daɗe a kabari, Allah ya jiƙanta.

Lokacin ina aikin buro, wato ofis, a tashar mota ta Konni, ina ta ji da kaina saboda na sayi tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da wani ɗan diski na waje mai igiya. A cikin diskin nan fim ɗin bikin yayata Rabi yake, wanda aka yi a Tsarnawa. Kaset ɗin asali zafi ya narkar da shi, don haka muryar Inna babu ita ko'ina a duniya sai a nan. Tun da ta rasu ban iya buɗe shi ba. Nakan taɓa diskin dai, in mayar cikin akwati.

Sai Rabi ta aiko cewa tana tafe daga Sakkwato, tana son ɗiyarta ta ga kakarta. Na jona diskin, ina cikin dubawa aka ɗauke wuta. Da wutar ta dawo na rubuta “biki” a wurin bincike. Ɗan karen nan da ke fitowa a allo in ana bincike ya yi ta shinshine-shinshine, ya ce babu. Na rubuta “Rabi”, babu. Na danna diskin kansa, taga ta buɗe fara fat ta sandare, ko motsi.

Jama'a, na yi kuka. Ƙato da ni, da gemu. Ji na yi kamar ranar aka fita da gawar Inna. (Maƙwabciyata har ta leƙo tana tambayar wa aka rasa.)

Da safe na hau kabu-kabu zuwa siber ɗin Sanusi, wato shagonsa na intanet, abokina tun muna karatu a lakwal, rungume da diskin a ƙirji. Wurin cike yake: ƴan makarantar lise, ƴan kasuwa, har da wani jandarma. Sanusi ya duba ya ce in kwantar da hankalina, fim ɗin bai je ko'ina ba. Wai na'ura tana da wani jeri da take ajiyewa na inda kowane abu yake, shi ne ɗaukewar wuta ta hargitsa, sai ta koma tana cewa babu alhali akwai. Tagar kuma ƙoƙarin nuna ƙananan hotunan fim ne ya shaƙe ta. Ya kashe nuna hotunan, ya sa ta sake gina jerin, sannan ya bi dosiye-dosiye da hannu. Sai ga shi.

Don zumuɗi na ce ya kunna yanzu-yanzu. Ban lura ba ashe manyan lasifikan da yake sa kiɗa ne a jone.

Sai ga Inna a bakin murhu, da zanenta mai ruwan ƙasa, tana tuƙa tuwo cikin mata, ba ta ma san ana ɗauka ba. Wata ta ce mata autanta ya zama babban mutum, yana buro. Inna ta yi dariyar nan tata, siber duka ta ɗauka:

“Wa, Auta? Ku bar ganin rigar wanga. Har gobe in hadari ya taso aka yi tsawa, ɗakina yaka rugowa, ya ce wai ya zo ya ga ko ruhin ɗaki na zuba.”

Wurin ya fashe da dariya. Jandarman har da dukan tebur. Wani ɗan lise ya leƙa waje ya ce, “Malam Auta, gabas ta fara haɗuwa fa.” Da ƙasa za ta tsage da na shige. Sanusi ya kai hannu zai kashe, na riƙe shi. Kunya na cina, amma kewarta ta fi ƙarfin kunyar. Na ce ya mayar baya kaɗan. Aka sake jin ta, aka sake dariya, ni kuwa hawaye na bin gemu.

Sunan dai ya bi ni. Har yau in sama ta yi baƙi, ƴan tasha sai su ce in ruga gida. Nakan yi dariya tare da su, in ja ƙofar buro in zauna, don ɗakin nan na Inna an mai da shi wurin ajiyar gero.

Abin da na koya shi ne, in na'ura ta ce babu, ka duba da hannunka kafin ka tara maƙwabta. In kuma uwarka ce za ta yi magana a gaban mutane, ka rage sauti tukuna. Ni dai ban taɓa iya ragewa ba.