Takalmin Taya a Barandar Lakwal

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na rusa ƙungiyar wasanmu ta 'yan mata ba, ni kaɗai, kafin a ƙirga goma.

Muna aji biyu na sakandare a Magariya lokacin. Madam Hadiza, malamar motsa jiki, ta nuna mana bidiyo a wayarta: mata da takalmin taya da hular kwano suna zagaya fili, suna ture juna da kafaɗa don 'yar ɓangarensu ta ratsa ta wuce. Ta ce da can don dariya ake kallonsu, amma yanzu wasan gaske ne, suna da dokoki, da alƙalan wasa, har gasar ƙasashe suke yi.

Ta samo takalman mutum huɗu na gwanjo daga Kano. Darakta, shugaban makarantarmu, ya ce sai kwamitin iyaye ya gani da idonsa. In sun yarda, barandar lakwal, wato makarantar, tamu ce duk Laraba da yamma. In sun ƙi, mu koma sharar fili, maza na buga ƙwallo.

Ina cikin huɗun da aka zaɓa (don takalmin ya yi mini daidai ne, kada ku zaci wani abu). Aka ba mu mako ɗaya mu koya a gida. Ƙawata Rabi ta koya a simintin shagon babanta. Ni kuwa kunya ba ta bar ni kowa ya gan ni ba, sai na laɓe bayan rumbunmu, cikin rairayi. Na tsaya cak. Na taka. Har ƙafa ɗaya na ɗaga! Ban san tayoyin nutsewa suke yi ba.

Da Madam ta ce, "Kin iya tsayuwa?" sai na gyaɗa kai.

Ranar gwajin, 'yan kwamiti suka jeru a benci. Shugabansu, Alhaji Mamman, fuskar nan a murtuke. Inna Zule, mace ɗaya tilo a cikinsu, ta ce, "Haba Alhaji, saki ranka mana, ba jana'iza muka zo ba."

Rabi ta fara. Ta je ƙarshen baranda ta juyo sumul, Inna Zule har da guɗa. Aka kira ni.

Ina ɗora ƙafa a siminti, ƙafafuna suka tafi suka bar ni. Na laluma, abin da hannuna ya samu shi ne hijabin Rabi. Ta kife, bakinta ya daki gefen matakala. Ni kuma na zarce a zaune har ƙarƙashin bencin iyaye, na kifar da butar Alhaji.

Ba wanda ya yi dariya. Da ma an yi. Daga inda nake kwance ina hango haƙorin Rabi a ƙasa, fari, ƙarami kamar ƙwayar masara, ruwan butar yana gangarawa yana haɗuwa da jinin. Tayar ƙafata ta hagu tana ta juyawa.

Alhaji ya janye babbar rigarsa ya ce, "Madam, wasan gasken ke nan?"

Aka ɗora Rabi a kabu-kabu zuwa gidan likita. Darakta ya ce a tara takalman a kai ofis. Madam ta durƙusa tana kwance mini igiyar takalmin, rairayi ya zubo daga tayoyin cikin tafinta. Ta dube shi, ta dube ni.

"A ina kika koya?"

"Bayan rumbu, Madam."

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta kakkaɓe hannunta ta tashi.

Wata biyu Rabi ba ta kula ni ba. Yanzu tana yi mini magana, amma duk Laraba ita ke miƙo mini tsintsiya, ta ce, "Karɓi, gwanar rairayi," iska na fita ta giɓinta. Sauran 'yan ajin ba su yafe ba har yau.

Tun daga ranar, in aka tambaye ni ko na iya abu, komai kunyata sai na buɗe baki na faɗi inda na koye shi.