Taku Dubu Talatin Daga Kan Kujera

"Yaya, shekara ɗari da ashirin zan yi a duniya, kuma daga kan kujerar nan zan yi su!"

Ƙanina ke nan, wanda muke kira Randa saboda tumbinsa na riga shi shiga ɗaki. Likita ta ce sukarinsa ya hau, jininsa ya hau: ko ya riƙa taku dubu goma kullum, ko ya yi ban kwana da nama da shayi mai sukari. Ta sa ya sayi agogon da ke ƙirga taku, ta ce ya dawo bayan wata guda ta duba.

Na ce, "Ka tashi ka taka mana, uban 'yan son jiki."

"Tafiya ta marasa dabara ce, Yaya."

Ranar farko ya ɗaura wa kyanwa agogon. Ta hau buhun shinkafa ta yi barci. Taku goma sha biyu.

Kashegari ya ɗaura wa fanka. Juyi uku agogon ya yi, ya taso kamar an harbo shi, ya sauka a goshin mai dabara. Ƙulu ya fito kamar ƙwai.

Rana ta uku ya ƙura wa matarsa ido. Tela ce, wuni take tana taka keken ɗinki. Ya lallaɓa ya ɗaura mata a idon sawu. Kafin la'asar, taku dubu talatin! Randa ya miƙe ƙafa, ya ce a ƙara masa tsoka biyu, ɗan wasan motsa jiki na bukatar ƙarfi.

Da wata ya cika na bi su asibiti, don ba a ba ni labarin irin wannan. Ofishin likita na hawa na biyu. Ni da shekaruna na haye, matarsa ta haye kamar barewa, gwanin tafiya kuwa ya maƙale a tsakiya yana huci kamar tsohuwar mota.

Likita ta ɗora shi a sikeli, ya ƙaru da kilo huɗu. Ta duba agogo, ta dube shi.

"Ikon Allah. Dubu talatin kullum?"

"Wani lokaci ma a guje, likita."

"To ranar Talata fa? Taku bakwai na gani."

Kafin ya haɗa ƙarya, matarsa ta cafe: "Ai ranar ce bel ɗin kekena ya tsinke."

Ya taka mata ƙafa. Na ce, "Yawwa, ga na takwas."

Sai da likita ta goge hawayen dariya sannan ta gwada matar: jini lafiya, sukari lafiya, zuciya kamar ta budurwa. Ta ɗauki biro tana rubutu.

Randa ya ce a hankali, "Likita, naman fa?"

"A ci gaba da dafawa," in ji ta. "A riƙa ba ƙafar da ta yi tafiyar."