Ajiye Min Tukunya

Ban iya dambu ba, amma ina ruwan mabiyana? Ƙawata Rabi ta Hunkuyi ta fi ni mabiya saboda bidiyon girki, ni kuwa na rantse sai na wuce ta. Ranar da Goggo ta sauke dambun zogale, na faki idonta na ja tukunyar bayan ɗaki, na jingina waya da turmi. Bidiyon kai tsaye na kunna, don ba ni da haƙurin gyaran bidiyo.

"'Yan uwa, tun safe nake fama da dambun nan," na ce, har da share gumi.

Sai muryar Goggo ta cika gidan: "Ke da ko ruwan zafi ƙona shi kike? Ajiye min tukunya!"

Kafin la'asar an yanko muryar, 'yan mata daga Ikara har Gazara suna ɗora ta a bidiyonsu. Na wuce Rabi fintinkau. Ita ma sai da ta yi nata bidiyon da muryar.

Har yau 'yan acaɓan Makarfi ba sa tambayar inda za ni, sai dai "Hajiya, ajiye min tukunya!" Nakan ɗaga musu hannu. Ai masoya ne.