Hoton Mai Girma Ya Cinye Shafina

Ƙarfe goma na safe, ana yayyafi, ina jera takardu a ɗakin ɗinkin littattafai, sai ga Likita ta shigo ko lema ba ta naɗe ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai ɗinke wata mujallar masana da ke bincike kan fyaɗe da lalata da yara, da yadda ake jinyar waɗanda abin ya shafa. Likita ce editarmu. Ni kuwa karatuna a firamare ya tsaya ya huta. Shekara uku ina ɗinke mujallar nan, ban taɓa gane layi biyu a jere ba. Shafi ɗaya nake iya karantawa, na ƙarshe, mai ɗauke da lambar da za a kira a samu taimako ba tare da an tambayi suna ba.

Ta ce, "Ƙanena, an cire shafinka."

Ashe Mai Girma Uban Taro, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya yarda zai ƙaddamar da mujallar, amma sai an sa hotonsa cikakken shafi. Mu kuma a aikinmu shafuka huɗu-huɗu suke tafiya, ga takarda ta ƙare. Dole wani ya sauka, kamar a motar haya.

Ni dai na jinjina masa. A mujallar da ake ɓoye sunan kowa, an samu jarumin da ya yarda a buga nasa, layi biyar har da lambobin yabo.

Na ce zan je in yi magana. Na goge riga, na zauna a bencin ofishinsa awa uku ina haddace jawabi. Da sakatare ya leƙo ya ce, "Malam, lafiya?" sai na ji bakina yana cewa, "Na zo jin ko hoton ya yi." Ya miƙo mini wani da ya fi girma. Na karɓa hannu biyu, har da godiya.

Da yamma maƙwabciyata mai kitso ta tare ni a bakin famfo.

"Ɗan boko, an ce da manya kake zama yanzu."

"A bencinsu dai, Yaya."

Ta yi dariya, sannan ta sunkuya tana kallon bokitinta. "Lambar nan ta bayan littafinku, za a samu? Wata ce ta tambaye ni."

Ban tambaye ta wace ce ba. Abin da na koya ke nan a shekara uku.

Washegari na tattara gefen takardun da injin yanka ke zubarwa, Likita ta sa aka sassaƙa hatimi da lambar. Na yi ta bugawa a kan guntayen takardun har yatsuna suka yi shuɗi, na cusa ɗaya a kowace mujalla, daidai bayan hoton. Ranar taro Mai Girma ya ɗaga mujallar sama don masu hoto, ya yi alkawarin gina cibiya, ya tafi bai buɗe ta ba.

Da na dawo, na ajiye wa mai kitso guda daga cikin takardun lambar a kan murfin bokitinta. Ta ƙulle a gefen zane, ta ce, "Matsa, ka tare mini famfo."

Na matsa. Amma a faɗi gaskiya, takardar hoton Mai Girma kauri gare ta, ta riƙe lambar gam. Ban taɓa ganin ya yi aiki haka ba.