Ranar da Na Kama Ɓarawon Waƙar Ƙanena

Ban yi boko mai zurfi ba, amma kunne kam Allah ya ba ni. Shekara biyu ƙanena Sanusi yana rera waƙoƙinsa a zauren gidanmu na Bungudu, har na haddace su.

Ran nan ina tankaɗe sai na ji waƙarsa a wani gidan rediyo na Gusau, da siririyar murya da baƙon suna. Sata! Hannuna duk gari na buga waya, aka sa ni kai tsaye.

“Malam, wannan ɓarawo ne! Muryar ma kamar ta ɗan akuya. Mai waƙar yana gidanmu!”

Mai gabatarwa ya yi gyaran murya. “Hajiya, ga mawaƙin kusa da ni.”

“Yaya,” in ji Sanusi a sanyaye, “ni ne fa. Na'ura ce ta gyara muryar, sunan kuma na waƙa ne.”

Ashe ranar ce shigarsa rediyo ta farko. Na ce shi ke nan, na kashe wa yaro kasuwa. Sai ga mutane har daga Tsafe suna bugowa a maimaita musu “waƙar satar nan”.

Yanzu bukukuwa sai ya zaɓa. Ni kuwa, duk maƙwabciyar da ta kunna rediyo sai ta ɗaga murya: “Ku rage sauti, kada Lauyar Sanusi ta ji!”