Rasuwar Amarya, Kwamfutar da Aka Ɓoye a Adaka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake ban taɓa rubuta abin da jama'a za su karanta ba, ni Zaituna Muhammad Auwal ta Toranke nake sanar da rasuwar kwamfutar cinyata, wadda aka fi sani da Amarya. Ta cika ranar Asabar bayan azahar, a ɗakin Gwaggo Hure, yayar mahaifina, tana tsakiyar aiki.

Allah kaɗai Ya san shekarunta. Ta zo gidanmu da tsufanta, bayan ta yi zama a hannun mutum uku da muka sani. Duk da haka muka sa mata Amarya, ita ma ba ta musa ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Wata bakwai muna ɗaukar darasi tare ta intanet, muna koyon zanen wasannin bidiyo da irin duniyar nan da ake sa wani tabarau a ji kamar an shiga cikinta. Ajinmu bayan gida ne, a kan turmin da aka kife, don nan kaɗai sabis yake tsayawa. Malaminmu yana wata ƙasa. Sau da yawa fuskarsa takan daskare, baki a buɗe, mu zauna ni da ita muna jiran ya rufe. Ba ta taɓa yi mini dariya ba, ko ranar da na zana akuya ta fito da ƙafa biyar, ɗaya a wuya.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma gaskiya tana da zafin jiki. Da an buɗe manhajar zane sai ta fara "fuuuu", can ta koma "ƙirrr", kamar injin markaɗe ya haɗu da tsakuwa. Maganinta ɗaya ne: a ɗora ta a kan murfin randa, iska tana ratsa ta.

Ga yadda ajali ya zo. Aikin ƙarshe na kwas ɗinmu shi ne kowa ya gina wurin da mutum zai shiga ya yi yawo. Ni kasuwar Gaya na gina, rumfa-rumfa, har da mai rake da layin 'yan adaidaita. Wanda bai miƙa nasa ba zuwa Juma'ar nan mai zuwa da ƙarfe sha biyun rana, babu shi babu takardar shaida. Abin da ya rage shi ne renda, wato kwamfuta ta dafa zanen har ya nuna, ta sa masa haske da inuwa. A wurin Amarya wannan aikin awa tara ne, kuma ba a taɓa ta.

Ranar kuwa suna ake a gidanmu. Na ɗora ta a randa, na tafi wankin shinkafa. Gwaggo Hure ta ga mata sun fara cika gida, ta ga abu mai daraja a fili kowa yana leƙe, har wata tana tambayar ko talabijin ce. Ta ji tsoron bakin mutane. Sai ta naɗe ta a zani biyu, ta ƙara da bargo, ta sa ta a ƙasan adaka tare da kayan fitarta, ta danna kwaɗo, ta zauna a kai tana karɓar barka. Waɗanda suke kusa sun ce sun ji "fuuuu" ya daɗe, sannan "ƙit", sannan shiru. Gwaggo ta ɗauka barci ta yi.

Da na buɗe, ƙamshin turaren wuta da ƙaurin roba ne suka tare ni. Har yanzu Gwaggo tana nan a kan bakanta, wai ai ba ta yi saurin ɓoye ta ba ne, da ma an riga an kalle ta. Ta kuma ce in daina kuka kamar wadda sa ya mutu mata, abin da ko nono ba ya bayarwa.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗauri uku, da linzami, wato ɗan abin da ake dannawa, wanda gefensa na dama ya riga ta tafiya, da akuyar da aka ambata, da kasuwa guda cur da ba ta da kwafi a ko'ina. Wannan na ƙarshe laifina ne, kada a ɗora wa Gwaggo.

Na tambayi Baffa ko za a yi mata salla. Ya dube ni ta saman tabarau, na fahimta.

Saboda haka za a ɗauki gawa ranar Laraba da hantsi, a babur, zuwa shagon Barau mai gyara a Gaya. Zai buɗe cikinta ya ciro ma'ajiyar bayanai. Ya ce yana kyautata zaton kasuwar tana nan, amma bai kalli idona ba da yake faɗa.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su kawo kunu ko ƙosai. Duk wanda Allah Ya hore wa kwamfuta mai lafiya, daga Gafasa har Gaya, ya taho da ita, da cajarta. Zaman makoki awa tara ne daidai, a kusa da soket. Mai ita zai iya zama ya tsare abarsa, ni zan yi mata fifita.